Ƙidayar Magariba a Tsibirin Pemba

Na tambayi aji, wa ya san jemage?
Hannu talatin da biyu suka tashi.
Pandu ya ce ɓera ne da ya saci lema.
Mboja ta ce ɓarawo ne, ko jiya ma
a kan mangwaron uwarta ya kwana,
rabin na kasuwa ya bar shi da shatin haƙori.
Faki bai ce uffan ba.
Kowa ya san abin da tukunyar gidansu ta taɓa dafawa,
kowa ya san kakansa Ussi
da doguwar gorarsa mai ƙaya a ka.

Littafin da aka aiko mana daga birni,
jemagen cikinsa ɗan mitsitsi ne, baƙi ƙirin.
Namu kuwa ja ne a ƙirji kamar tsatsa,
fuskar ɗan kwikwiyo gare shi,
in ya buɗe fiffike ya fi Mboja faɗin hannu.
Sai na rufe littafin.
Na ce Alhamis, bayan la'asar, kowa ya zo da gwangwani.

Muka ratsa gonakin kanumfari
har tsohuwar maƙabarta,
inda gatari ke jin nauyin shiga.
Matattu ne suka tsare musu itatuwa.
Ga su nan reto, kai ƙasa, ƙafa sama,
sai ka ce tsummokaran da aka shanya aka manta,
suna ta cacar baki kamar 'yan kasuwar kifi.

Dokar ɗaya ce:
duk goma da suka tashi, kanumfari ɗaya a gwangwani.
Rana ta faɗa teku.
Na farko ya saki reshe, na biyu, na biyar,
daga nan sama ta yage.
Pandu ya manta da ƙidaya, baki buɗe.

Ban ji zuwan tsohon ba, sai muryarsa:
"Malama, kin tsayar da yara a bakin iska,
warinku ya riga ku isa."
Faki ya sunkuyar da kai.
"Ina kamar yaron nan," in ji Ussi,
"sai a yi isha'i ba su gama fita ba.
Na ci. 'Ya'yana sun ci a shekarar da shinkafa ta ƙi.
Ban zo neman gafara ba."

Ya duƙa, gwiwa na ƙara,
ya tsinto wata 'yar tuƙa daga ƙasa,
ya murje ta a tafin Faki.
Ƙwayoyi ne a ciki, ba su kai yashi ba.
"Ya tsotse ruwan, ya tofar da wannan.
Ɓauren da ke bakin rijiyar makarantarku,
wa ya shuka? Ba ubanka ba ne, ba hukuma ba ce."

Shekara tara ina koyarwa,
ban taɓa faɗin abin a gajarce haka ba.

Muka kwaso tuƙa cike da aljihu,
muka binne a ɓawon kwakwa bayan aji.
Gwangwanaye kuwa ba biyu da suka zo ɗaya:
wani ɗari huɗu, wani dubu,
Pandu kanumfari uku, sauran ya tauna.

Yau kwana ashirin da shida.
Bakwai sun tsiro, saura shiru.
Mboja tana kan bakanta, ɓarawo ne,
amma ita ke fara zuwa da ruwa.
Mangwaron uwarta har yanzu ana ci,
ba ni da amsar da za ta cika kwando.
Mun dai ɗinke tsohuwar komar masunta,
mun lulluɓe rassa biyu, mu gani.

Rumfar ganyen da ke yi wa tsiron inuwa
gorar Ussi ce ta tokare ta.
Da kansa ya cire ƙayar.
Ya ce in rubuta a littafina
aro ce, ba kyauta ba.